Daga Ɗakin Aji: Lissafin Ka Bai Tsufa Ba

Iyaye da yawa sukan tambaye mu, "Malam, tun da kowace waya tana da kalkuleta, ina amfanin wahalar da yaro da haddar biyu sau biyu?" Amsar tana nan kusa, a Kasuwar Rimi da ke Yakasai.

A ce an je sayen sabulu 19, kowane naira 350. Kafin mai waya ya laluba aljihu, tsohon ɗan kasuwa ya ce 6,650. Yaya ya yi? Ya ɗauki 20, ya sami 7,000, sa'an nan ya ɗebe kuɗin guda ɗaya. Dabarar tana cikin harshenmu, gama Bahaushe yakan kira 19 "ashirin ba ɗaya".

Wannan gado ne. Sa'ad da Baturen Jamus, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, da wuri ake ciniki. Ana ƙirga shi biyar-biyar, a tara tsibi-tsibi, wuri 20,000 kuwa shi ne keso ɗaya. Daga baya iyayenmu suka riƙe kwabo 12 a sule, sule 20 a fam, har naira ta shigo a Janairun 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu. Duk da ka suka yi.

Ba mu ce a yar da kalkuleta ba. Amma na'ura abin da aka danna mata take faɗi. In yatsa ya zame ya ƙara sifiri, 6,650 ya zama 66,500, ba za ta ce uffan ba. Haka kuma wurin mai POS. Wanda ya riga ya kintata cewa kuɗin bai kai 7,000 ba, nan take zai ce a sake dubawa. Wanda bai kintata ba, sai ya isa gida ya ga kuɗin cefane ya yi ɓatan dabo, a shiga zargin juna. Lissafin ka yana tsare aljihu, yana kuma hana mu cutar wani da canji ba da saninmu ba.

Saboda haka, iyaye, in za ku aiki yaro, ku tambaye shi tun a ƙofar gida, "Canjin nawa za ka kawo?" Ku bar shi ya yi tunani, kada ku yi masa gaggawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai wata mai zuwa.