Zauren Mata: Sauka A Otal, Abin Kunya Ne?

  

Yau maganar otal na ɗauko mana. Na san da jin sunan wata har ta haɗe rai, tana cewa yau kuma me ya kai marubuciyar nan otal? To 'yar uwa kwantar da hankalinki, ki bi ni har ƙarshe. A ƙasarmu ta Hausa da an ce an ga wance tana fitowa daga otal, shi ke nan an gama da ita, ba mai tsayawa ya tambayi abin da ya kai ta. An sha fasa baiko a kan haka, aure ma ya sha girgiza. Littattafan soyayya da finafinai kuma sun ƙara wa miyar gishiri, don kullum a otal ne wani Alhajin birni yake yaudarar 'yar mutane. Ban ce ba a yi ba, ana yi. Amma ai ba a haramta wuƙa don wani ya yi ɓarna da ita.

Masaukin matafiyi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro a zango suke yada kaya, shi ya sa har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara ake kiran su Zango. A cikin birni kuwa akwai fatoma, mai saukar da baƙin 'yan kasuwa, ya ba su ɗaki da abinci, ya adana musu dukiya, shi kuma ya samu la'adarsa. Otal dai fatoman zamani ne, sai dai ya sa kwat ya ɗaura lakataya.

Yanzu kuma mata tafiya ta kama mu, ko muna so ko ba ma so. Wata asibiti za ta kai mahaifiyarta, wata biza take nema, wata ganawar ɗaukar aiki, wata taro. Yawanci kuma Abuja aka nufa, tun da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas ta koma can ranar 12 ga Disamba, 1991. Za ki ce ai kina da 'yan uwa a garin. Haka ne, amma sau da yawa za ki tarar suna Kubwa ko Nyanya ko Mararraba, ciki da falo ne da yara biyar, ga cunkoson motoci da safe, ke kuma ƙarfe takwas aka ce ki hallara. Ki takura su, ki takura kanki, ki kuma makara. Abuja gari ne na baƙi, shi ya sa otal ya yi mata yawa. Babbansu shi ne Transcorp Hilton da ke Maitama, wanda aka buɗe a 1987 da sunan Nicon Noga Hilton, ɗakunansa sun haura 600. A ƙasa da shi akwai matsakaita birjik a Wuse da Garki da Jabi.

A ɗaya daga cikin matsakaitan nan muka yi kwana uku ni da maigidana, da muka je ganin likita. Jirgin ƙasa muka shiga daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu, wanda ya fara jigila tun 2016. Wallahi wuri ya haɗu. Tun daga ƙofar gilashi mai buɗe kanta sanyi da ƙamshi suka tare mu, ƙasa tana ɗaukar ido kamar a zuba tuwo a ci. Ɗaki kuwa ga lafiyayyen gado da fararen zannuwa, ga labule har ƙasa, in kin yaye shi da dare ki hango fitilun gari reras. To amma daɗin nan yana da ƙa'idoji, wadda ba ta san su ba aljihun mijinta ne zai yi kuka.

Na farko, kuɗin da aka faɗa miki na kwana ba lallai ne shi ke nan ba. Akwai harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari tun shekarar 2020, wurare da yawa kuma suna ɗora kuɗin hidima a kai. Don haka tun a teburin karɓar baƙi ki tambaya, duka-duka nawa ne, kuma da karin kumallo a ciki ko babu? Matambayi ba ya ɓata. Ki riƙe katin shaidarki a kusa don za a nema, in an karɓi kuɗin ajiya kuma a ba ki rasit, ki adana shi.

Na biyu, kwanan otal ba irin namu ba ne. Yawanci da rana ake ba da ɗaki, wajen ƙarfe biyu, a kuma fita ƙarfe sha biyun rana. In kika zarce ba tare da kin nemi alfarma ba, ana iya caje ki rabin kwana ko ma cikakke.

Na uku, ɗan ƙaramin firjin nan na cikin ɗaki. Lemo da cakulan da gyaɗar da ke ciki ba kyauta ba ne, na sayarwa ne, kuma kuɗinsu ya ninka na kanti. A gabana wata baiwar Allah ta yi ta rantsuwa ranar fita, wai ita ta zaci tarbar baƙo ce aka yi musu, ashe yaranta uku sun share firjin tas. Mijin ya biya yana huci, ita kuwa ido ya raina fata. Haka wanki da abincin da za a kawo miki har ɗaki, kowanne da kuɗinsa, ki duba takardar farashi tukuna.

Na huɗu, ki tafi da 'yar butarki da sallayarki, don ba kowane banɗakin otal ne aka yi shi domin mai tsarki da alwala ba. Ki nemi alamar alƙibla a silin ko cikin durowa, in babu ki tambayi ma'aikata ko ki duba wayarki. Kada ki manta matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, ki tambayi malaminki sharuɗɗanta kafin ki taso.

Sai babbar magana, wato mutunci, wanda aka ce madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Kada ki sauka a ko'ina sai da sanin mijinki ko iyayenki, su san sunan otal ɗin da lambar ɗakinki, in da hali ma ki tafi da muharraminki. Abin da aka yi a sarari ba ya zama abin gori. In kin shiga ɗaki ki murza makulli ki sa sarƙa. In an ƙwanƙwasa ki leƙa ta 'yar hudar ƙofa, in ba ki kira kowa ba ki buga waya teburin karɓar baƙi ki tabbatar kafin ki buɗe. Kada ki faɗi lambar ɗakinki da ƙarfi a gaban mutane, kada ki biye wa mai son hira a cikin lif. Gwal da kuɗi ki sa su a akwatin ajiya mai lambar sirri. In ba ki son masu shara su shigo, akwai ɗan kwalin da ake ratayawa a hannun ƙofa. Shigarki ta gida ita ce shigarki ta can, mayafinki bai san otal ba. Wurin shaye-shaye da gefen kwamin wanka kuwa ba wurinki ba ne, ki bar wa masu shi.

Ku kuma iyayen gida, ina roƙonku da girman Allah. In tafiya ta kama iyali, a nema musu wuri mai tsaro ko da kuɗin ya ɗan ɗara, kada a bi araha a kai su inda kiɗa yake tashi har asuba. Ba sai Hilton ba, daidai ruwa daidai tsaki. Mu kuma mata mu ji tsoron Allah a kan junanmu, don yawancin labarin an ga wance a otal daga bakinmu yake fitowa. Wadda kika gani wataƙila jinyar uwarta ta kawo ta. Kuma ke da kika gan ta, ai sai a tambaye ki me kika je yi?

A nan zan dakata. Mai ƙarin bayani ko gyara ta aiko da wasiƙarta ta hannun edita, ƙofa a buɗe take. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.