Wa Ke Da Hanya A Shataletale?

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakanin direbobinmu na Adjamé da Treichville, wato idan motoci biyu suka haɗu a ƙaramin shataletale na cikin unguwa, wa zai dakata wa wani?

Asalin gardamar shi ne ba a makaranta ɗaya muka koyi tuƙi ba. Wanda ya koya a Kano ko Kumasi, an ce masa na cikin da'ira ne ke da hanya, domin can sun bi tsarin Ingila, wadda ta kafa wannan doka a 1966. Shi kuwa wanda ya koya a nan Abijan ko Maraɗi, abin da aka fara cusa masa shi ne dokar Faransa ta ba na dama hanya. To, da yake a hannun dama muke tuƙi, mai shirin shiga shataletale kullum yana dama da wanda ke ciki. Ke nan bisa wannan doka na ciki ne zai tsaya! Kowa na ganin shi ne da gaskiya, sai dai a ji ƙarar ƙarfe.

Ita kanta Faransa sai a 1984 ta ba na cikin da'ira hanya, kuma a inda aka kafa alama kaɗai. Saboda haka alama ce alƙali. In muka ga allo mai kusurwa uku, mai jan baki, tsininsa na kallon ƙasa, ko farin layi mai tsinke-tsinke a bakin mashiga, mu ne za mu dakata, mu duba hagu, sai na ciki ya wuce. In babu allo babu layi, dokar dama ce ke aiki.

Amma mun san halin unguwanninmu. Wani allon ya faɗi, wani rumfar mai tebur ta rufe shi, fentin ƙasa kuwa damina ta wanke. Ga gbaka da woro-woro suna sauke fasinja a tsakiyar da'ira. Waɗanda ke shan wahalar wannan ruɗani su ne 'yan makaranta da masu tura amalanke, waɗanda ba su da ƙarfen da zai kāre su.

Don haka muna kira ga direbobinmu da su rage gudu tun daga nesa, su nemi alama kafin su nemi hanya, su kunna sigina in za su fita. Kada mu manta, tun watan Maris na 2023 lasisin tuƙi a ƙasar nan maki 12 ne da shi, kuma laifi kan zaftare su. Shugabannin unguwa kuma su kai kuka ofishin magajin gari a mayar da allunan da suka ɓace.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya kiyaye mana hanya. Sai wata mai zuwa.