FAGEN WASANNI: Tornadoes, A Ƙirga Na Gida Kafin A Shiga Kasuwa

Da zarar an hura usur na ƙarshe a gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, kowane kulob ya san matsayinsa, sai wani sabon wasa ya tashi wanda ba a buga shi a fili, ba alƙali, ba 'yan kallo. Shi ne wasan neman 'yan wasa. A 'yan shekarun nan gasar takan ƙare a watan Mayu ko Yuni, a komo a Agusta ko Satumba, watau hutun yakan faɗa daidai lokacin da manoman Jihar Neja suke duƙe a gona. Kuma kamar yadda manomi yake sanin abin da zai girba tun daga irin da ya zaɓa, haka kulob yake yanke wa kansa hukuncin shekara guda a cikin waɗannan 'yan makonni.

A irin wannan lokaci ba a rasa zance a majalisun Minna. Daga Bosso zuwa Chanchaga, daga Tunga zuwa Kpakungu, kowa yana da sunan ɗan wasan da yake so Niger Tornadoes ta ɗauko. Wannan ya ce wane ya bar kulob ɗinsa, wancan ya ce an ga wane a otal da dillalinsa. Son kulob ne ya kawo haka, ba laifi. Amma fa wanda zai je kasuwa, kamata ya yi ya fara leƙa rumbunsa ya ga abin da yake da shi da abin da ya rasa.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

Tornadoes, wadda magoya bayanta suke yi wa laƙabi da 'Yan Ikon Allah, ba baƙuwa ba ce a gasar cin kofin ƙalubale. A 1982 ta kai wasan ƙarshe, Stationery Stores ta Ikko ta doke ta. A shekarar 2000 ta rama wa kanta, ta cinye Rangers ta Inugu da ci ɗaya da nema, ta kawo kofin Minna, abin da ya ba ta damar wakiltar Nijeriya a gasar Afirka ta masu riƙe da kofi a 2001. A 2017, ƙarƙashin mai horarwa Abubakar Bala, ta sake kai wa wasan ƙarshe a Ikko, aka tashi ba wadda ta ci wata ita da Akwa United, sa'an nan aka fitar da ita da 3 da 2 a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A 2019 abin ya maimaita kansa a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna: canjaras babu ci da Kano Pillars, aka je bugun fenareti, Pillars ta ɗauki kofi da 4 da 3.

Mai karatu ya lura da wannan lissafi. A wasannin ƙarshe uku da kulob ɗin ya buga daga 2000 zuwa 2019, ba a zura masa ƙwallo ko ɗaya ana cikin wasa ba, amma shi ma ƙwallo ɗaya tak ya samu. Kofi biyu sun kuɓuce masa ba domin an fi ƙarfinsa ba, sai domin rashin mutum guda da zai ƙarasa aiki a gaban raga.

Haka nan kuma a babbar gasa, tarihin nasa hawa da sauka ne. Ya hau a 2015, ya faɗo a 2019, a shekarar nan da ya kai wasan ƙarshe na kofi, sa'an nan ya sake hawa a 2021. Bugu da ƙari, akwai shekarun da ya yi yana karɓar baƙinsa a Lakwaja da Kaduna, alhali kuwa gidansa filin wasa na Bako Kontagora ne a Minna. Kulob mai irin wannan tarihi ba suna yake bukata ba. Tsayuwa yake bukata.

GURABEN DA ZA A FARA DUBAWA

Babbar gasar Nijeriya, in an buga ta cikakkiya, kulob 20 ne, kowanne da wasa 38, rabi a gida rabi a waje, huɗu na ƙasa su faɗa ƙaramar gasa. Wasannin waje 19 ɗin nan mafi yawansu a mota ake zuwansu, daga Minna zuwa Aba, ko Fatakwal, ko Maiduguri, a sauka da kumburin ƙafa, a kwana, a shiga fili. Kowa kuma ya san yadda cin wasa a waje yake da wuya a wannan ƙasa. Daga nan ya kamata a tsara bukatu.

Na farko, mai cin ƙwallaye, watau lamba tara. Shi ne kayan da ya fi tsada kuma ya fi ƙaranci, domin duk wanda ya ci ƙwallo goma sha wani abu a kaka guda, kafin a rufe gasa manyan kulob-kulob sun kewaye shi, ko kuwa ya tsallaka ƙetare. In an samu guda, kada a dogara da shi shi kaɗai. Ranar da ya ji rauni ko aka dakatar da shi, tilas a sami na biyu wanda zai sa rigar ba tare da kulob ya rame ba.

Na biyu, mai tsaron gida biyu waɗanda ƙarfinsu ya kusa zuwa ɗaya. Kulob da ya rasa kofi har sau biyu a bugun fenareti ba ya bukatar a tuna masa darajar gola mai natsuwa, da kuma 'yan wasan da ƙafarsu ba ta rawa idan aka ajiye musu ƙwallo a gaba.

Na uku, 'yan baya na tsakiya da lamba shida wanda yake tare musu hanya. Waɗannan su ne ƙashin bayan kulob a wasan waje, inda maki ɗaya na kunnen doki yake iya zama abin da zai raba mai tsira da mai faɗuwa a ƙarshen shekara. Irin wannan gurbi sabo yake so. 'Yan baya biyu da suka shekara biyu tare sun fi gwanaye biyu da suka haɗu jiya.

Na huɗu, benci. Tun da aka tabbatar da dokar canjin 'yan wasa biyar a 2022, kusan rabin waɗanda suka fara wasa ana iya sauya su. Kulob da yake da gwanaye goma sha ɗaya kurum, sauran kuwa cikon benci ne, zai riƙa rasa maki a mintoci ashirin na ƙarshe.

WANE NE MARAR KULOB?

Ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare, ko aka sallame shi, shi ake kira marar kulob. Yana da ikon zuwa inda ya ga dama, kuma sabon kulob ba zai biya tsohon kuɗin saye ba. Asalin wannan 'yanci a Turai yake. Wani ɗan wasan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, kwantiraginsa ya ƙare da kulob ɗin Liège a 1990, ya so komawa Dunkerque ta Faransa, aka tsare masa hanya da kuɗin da aka ɗora a kansa. Ya kai ƙara, Kotun Turai ta ba shi gaskiya ran 15 ga Disamba, 1995. Tun daga nan dokokin hukumar FIFA suka bi sawu, har ya zama ɗan wasan da ya rage masa wata shida ko ƙasa da haka a kwantiraginsa yana iya ƙulla yarjejeniya da wani kulob tun kafin ya tashi.

A Nijeriya abin ya fi yawa, domin akasarin kwantiragi gajere ne, na kaka ɗaya ko biyu. Saboda haka kowace damina kasuwa takan cika maƙil, kuma waɗanda ke cikinta iri huɗu ne.

Akwai 'yan wasan kulob huɗun da suka faɗi. A cikinsu ba a rasa biyu ko uku da suka fi ƙarfin ƙaramar gasa, sun san filaye, sun san tafiya, sun san alƙalai. Nan ne kulob mai matsakaicin aljihu ya fi samun riba, in ya yi sammako.

Akwai waɗanda manyan kulob-kulob suka sallama. Sai a tambaya: me ya sa aka sake shi? Wani gurbi ne bai samu ba, wannan alheri ne. Wani kuwa gwiwa ce ta lalace, ko hali ne ba shi da shi. Likita da tsohon kocinsa su ne za su faɗi gaskiya, ba dillali ba.

Akwai masu dawowa daga ƙetare. Kano Pillars ta gwada wannan hanya da Ahmed Musa a Afrilun 2021, bayan ya rabu da Al-Nassr ta Saudiyya, ya yi 'yan watanni ya wuce Turkiyya, sa'an nan ya sake komowa a 2024, shekarar da Shehu Abdullahi shi ma ya dawo mata. Enyimba ta ɗauki Brown Ideye a ƙarshen 2024. Irin waɗannan sukan cika fili da 'yan kallo, yara kuma su koyi sana'a a wurinsu. Amma Ahmed Musa gida ya koma, inda ya yi suna tun yana yaro. Ba kowane kulob ne yake da ɗa irin wannan a waje ba, kuma mai dawowa da ba ƙauna ce ta kawo shi ba, da zarar waya ta buga daga ƙetare sai ya ɗaure kaya.

Na ƙarshe, matasan ƙaramar gasa da makarantun koyon ƙwallo. Su ne mafi araha, su ne kuma suke bukatar haƙuri.

ARAHA BA TA ADO

Kada a ruɗu da cewa marar kulob kyauta ne. Kuɗin saye ne kurum babu. Albashi yana nan, la'adar dillali tana nan, masauki da magani suna nan. A zamanin kamfanin LMC, wanda ya riƙe gasar kafin a rushe shi a 2022, an soke tsohon tsarin kuɗin sa hannu, aka mayar da ƙarfi kan albashin wata-wata, mafi ƙaranci Naira 150,000. Ma'anarsa, duk wanda aka yi wa rajista nauyi ne a wuyan kulob kowane ƙarshen wata, ko ya buga ko bai buga ba. Mutum goma da aka kwaso a gwajin kwana uku, waɗanda takwas daga cikinsu za su ƙare a benci, sun cinye kuɗin lamba tara ɗin da ake nema.

Sa'an nan ƙofar da ake shigowa ta ita ake fita. Duk kulob da yake zawarcin marasa kulob na wasu, to, wasu ma suna zawarcin nasa. Dokar FIFA tun 2018 ta ba ɗan wasa ikon warware kwantiragi idan aka riƙe masa albashin wata biyu, muddin ya rubuta takardar gargaɗi ya ba da wa'adin kwana 15. Mafi yawan kulob-kulob na ƙasar nan, har da Tornadoes, na gwamnatocin jihohi ne, kuɗinsu daga baitulmali yake fitowa. Idan kuɗin shiri bai fito ba sai ana saura mako biyu a fara gasa, a lokacin masu sammako sun tsince na kirki, sai a tarar da ragowa. Fitar da kuɗi a kan kari ya fi yawansa amfani.

Don haka aikin farko na hutun kaka ba ɗauko baƙo ba ne. Shi ne a zauna da mutum bakwai ko takwas da suka riƙe kulob a kakar da ta wuce, a sabunta musu kwantiragi na shekara biyu ko uku tun kafin su shiga watanni shidan nan na ƙarshe. Wanda yake da kwantiragi, in ya tafi sai an biya. Wanda nasa ya ƙare, sallama kurum zai yi.

DARASI DAGA IKENNE

Mai neman misali ya dubi Remo Stars ta garin Ikenne a Jihar Ogun. Tare suka faɗi da Tornadoes a 2019, tare suka hau a 2021. Remo ta yi ta uku a 2022, ta biyu a 2023, ta biyu a 2024, sa'an nan ta ɗauki kofin gasar a 2025 a karo na farko, ƙarƙashin Daniel Ogunmodede. Gaskiya ne kulob ɗin na attajiri guda ne, Kunle Soname, ba ya jiran takarda ta zaga ofisoshi. Amma abin da ya yi ba sihiri ba ne: filin kansa, makarantar renon yara ta Beyond Limits, da haƙuri da mutanen da aka fara tafiya da su. Haka ma a Kano, shekarun da Rabi'u Ali ya yi a Pillars sun nuna amfanin mutum guda da sababbi za su zo su tarar.

Jihar Neja tana da ƙananan hukumomi 25. A Bida, da Kontagora, da Suleja, da Lapai, da New Bussa, yara suna buga tamaula kowace yamma. Yaron da aka rena a gida yakan jure abin da baƙo ba zai jure ba, kuma ko ya tafi bai tafi da duka ba. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa kulob-kulob da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Sharaɗin kawai shi ne a yi masa rajista yadda ya kamata, a adana takardu.

To, ga shugabannin Tornadoes, jerin aikin a fili yake. A riƙe na gida tukuna. A bar mai horarwa ya faɗi guraben da yake so, kada a cika masa sansani da 'yan alfarma. A nemi lamba tara da gaske, a ƙara da mutum huɗu ko biyar da likita ya duba. A ɗauko yara daga cikin jiha su bi bayansu. Mutanen Minna suna ta jiran kofi na biyu tun shekarar 2000, kuma hanyar zuwa gare shi daga teburin ofis take farawa, tun ruwa yana sauka. Allah ya ba mai rabo sa'a.