Jijiyar Bature da Faɗuwar Gaban Bahaushe

'Yan uwa ɗalibai, ni Banufe ne, a Minna na tashi, kuma a bakin abokan wasa na tsinci Hausa. Ranar da na fara gwajin koyarwa a wata makarantar sakandare a Bosso, wata ɗaliba ta tambaye ni fassarar kalmar "nervous". Nan take na ce "tsoro". Sai ta ce, "Malam, ai amarya ba tsoron angonta take yi ba." Aji ya fashe da dariya, ni kuwa na rasa ta cewa.

Wannan ya sa na bi diddigin kalmar. Asalinta daga Latin ne, "nervus", wato jijiya. Da farko Bature na nufin mai ƙarfin jijiya ne, wato ƙaƙƙarfa. Ko a ƙamusun Samuel Johnson na 1755, ma'anar ƙarfi ce a gaba, ma'anar raunin jijiya kuwa ya ɗauke ta a matsayin maganar likitoci. Sannu a hankali wannan ta biyun ta danne ta farko, har kalmar ta koma nufin rashin natsuwa kafin wani abu ya faru.

To, Bahaushe bai ajiye wannan hali a jijiya ba. Wanda ya tada jijiyar wuya gardama yake yi. Bahaushe a gaba da ciki da hanta ya ajiye shi: gabana ya faɗi, cikinsa ya ɗuri ruwa, hantarsa ta kaɗa. Kuma kowace kalma da gurbinta. Mai jiran sakamakon jarrabawa zullumi yake yi. Wanda zai yi jawabi gaban jama'a fargaba ke damunsa. Baƙo a gidan surukai yana ɗari-ɗari.

A ra'ayina, babban kuskurenmu, musamman mu da ba da Hausa aka yi mana goyo ba, shi ne neman kalma ɗaya ta maye gurbin ɗaya. Gobe mu ne za mu yi tafinta a asibiti da kotu da gidan rediyo. Idan lauya ya ce mai shaida yana "nervous", tafinta ya ce tsoro yake ji, masu sauraro za su ɗauka an yi masa barazana ne.

Saboda haka kafin ka buɗe ƙamus, tambayi kanka: wa ke cikin halin, kuma me yake jira? Allah Ya sa mu dace.