Sharhi: Kashe ƙwayar cuta a faranti ba lasisin sayar da magani ba ne

Duk wanda ya ratsa kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko Katako a Yamai, ya san muryar nan ta lasifika: mota ko kura cike da jarkoki da ƙullin gari, ana jero cututtukan da magani ɗaya zai kawar, tun daga taifot har sanyin mara. Abin da ya canza a ƴan shekarun nan shi ne hujjar da ake kafawa. Da can mai magani cewa yake yi ya gada wurin kakansa. Yanzu cewa yake yi an kai maganin labo, an gwada, ya kashe ƙwayoyin cuta. Wani har takarda yake ɗagawa mai hatimi da rubutun Faransanci, a ɗauki hotonta a watsa a WhatsApp da TikTok, ta isa hannun ɗan ci-rani a Abijan ko Sabha kafin ta isa ƙauyen da ke kusa.

Ba kullum maganar take zama ƙarya ba. Ɗalibai da malaman jami'o'i a Nijar da Najeriya da sauran ƙasashen yankin sun daɗe suna gwada sabara da bagaruwa da marke da kalgo da maɗaci a kan ƙwayoyin bakteriya, kuma sau da yawa ana ganin tasiri. Inda gizo ke saƙa shi ne ma'anar da ake bai wa wannan tasiri. Gwajin labo matakin farko ne a hanya mai nisa, kuma wanda ya sayar wa marar lafiya magani da hujjar matakin farko kaɗai, da ransa yake wasa.

Yana da kyau a san yadda gwajin yake, don ba wani sirri a cikinsa. Ana shanya ganye ko saiwa ko ɓawo a inuwa, a daka, a jiƙa garin cikin ruwa ko cikin sinadari irin su etanol da metanol. A tace, a ƙafar da ruwan, a samu wani abu mai danƙo. Daga nan a ɗauko ƙaramin faranti mai ɗauke da abincin da bakteriya ke tsira a kansa, a shafa ƙwayar da ake son gwadawa, misali Staphylococcus aureus mai kawo maruru da ruɓar ciwo, ko Escherichia coli mai yawan kawo ciwon mafitsara, ko Salmonella Typhi mai haddasa taifot. Sai a jiƙa ƴar takarda mai faɗin milimita 6 da abin da aka tato, a ɗora a kan farantin, a ajiye a zafin da ya yi kusa da na jikin mutum, wajen digiri 37, har kwana guda. Washegari, idan an ga fili kewaye da takardar inda ƙwayar ba ta tsira ba, a auna faɗinsa da milimita a rubuta. Wannan ƴar da'irar ita ce yawancin abin da ake nufi idan an ce “an gwada a labo”.

Masu binciken da suka zurfafa ba sa tsayawa nan. Suna ta sirka ruwan maganin har sai sun gano mafi ƙarancin adadin da ke hana ƙwayar girma. A nan lissafi ke fitowa fili. Maganin asibiti kamar sifrofuloksasin yakan tsayar da E. coli da ba ta bijire ba da abin da bai kai mikrogiram 1 a mililita ba. Ruwan itatuwa kuwa, sau da yawa sai an kai miligiram kaza a mililita kafin a ga wani abu, alhali miligiram 1 daidai yake da mikrogiram 1,000. A ɗauka wani ganye ya yi aiki a miligiram 5 cikin mililita. Jinin babban mutum ya kai wajen lita 5. Ke nan sai giram 25 na tataccen sinadarin ya shiga jini a lokaci guda kafin a samu abin da aka gani a faranti, ko da an ƙaddara cewa hanji ya tsotse shi duka, hanta ba ta narkar da shi ba, ƙoda ba ta fitar ba. Ƙwayar sifrofuloksasin da ake rubuta wa manya rabin giram ce. Shi ya sa masana da dama ba sa ɗaukar ruwan tsiro da muhimmanci sai ya yi aiki a ƙasa da mikrogiram 100.

Bagaruwa ta isa misali. Majeman Maraɗi da Damagaram sun san aikinta tun kafin a gina labo a ƙasar: da ita ake jeme fata, har da ta jar akuyar Maraɗi da ta yi suna a duniya. Dalili shi ne ƴaƴanta cike suke da sinadarin tanin, wanda ke kama furotin ya ɗaure shi tamau, fata ta daina ruɓa. Wannan kamun shi ne babban abin da ke sa bakteriya ta kasa tsira kusa da ruwan bagaruwa a faranti. Amma tanin ba ya tantance furotin ɗin ƙwayar cuta da na tuwon da ke ciki ko na bangon hanji, kuma kaɗan ne daga cikinsa ke ratsawa zuwa jini. Abin da zai iya amfani wajen wanke ciwon fata ko kurkure baki, inda maganin ke taɓa ƙwayar kai tsaye, ba lalle ya isa wurin ƙwayar taifot da ta shige cikin jini da hanta da saifa ba. Ruwan jabel ma yana share faranti tas, ba kuwa wanda zai ba ɗansa ya sha.

Ga kuma batun guba, wanda faranti ba ya faɗin komai a kansa. A farkon shekarun 1990, a Beljiyam, mata sama da 100 sun samu mummunan ciwon ƙoda bayan sun sha wani haɗin rage ƙiba da aka sa wa tsiron Aristolochia, wasu daga baya suka kamu da kansar hanyar fitsari. Tsiron ya daɗe a cikin maganin gargajiya na ƙasashe da dama kafin a gane illarsa, domin ɓarnar ba ta bayyana rana ɗaya. Dangin wannan tsiro akwai shi a ƙasar Hausa, shi ne duman dutse. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa daɗewar magani a hannun jama'a ba ta ɗauke buƙatar a auna abin da yake yi wa ƙoda da hanta da mace mai ciki. Ƙari a kan haka, sabarar da aka tsinka da damina a Dakwaro ba lalle ƙarfinta ya zo ɗaya da wadda aka tsinka da rani a Magarya ba, kuma garin da ya sha rana da ƙura a tasha ba shi ne wanda aka auna a jami'a ba.

Wanda yake ganin wannan gardama ce ta ƴan boko, ya tambayi likitocin tiyata na Damagaram da Maraɗi da Galmi. Sun san yaran da ake kawo musu ciki ya kumbura, taifot ta huda hanji bayan mako biyu ko uku ana fama da zazzaɓi a gida. Cutar da ƙwayoyin da suka dace za su iya tsayarwa a makon farko, ta koma sai an buɗe ciki, wani yaron kuma ba ya tashi. Haka sanƙarau da mashaƙo, waɗanda jihar Damagaram ta yi fama da su a ƴan shekarun nan, da kwalara da ta afka wa Madarumfa a 2018. Dukansu bakteriya ke kawo su, dukansu kuma jinkirin kwana ɗaya na iya raba uwa da ɗanta. Jarkar da aka saya jikka biyu saboda an ce labo ya tabbatar da ita, ainihin tsadarta kwanakin da ta cinye ne.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce a bar binciken itatuwa. Buƙatar sababbin magunguna ta fi ta kowane lokaci. Wani babban bincike da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan an kwatanta da yawan jama'a, wajen mutum 27 cikin kowane 100,000. A Maraɗi ma, wani bincike da aka buga a 2011 kan yara masu tamowa da aka kwantar ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku sun zo ne da ƙwayoyin hanji masu bijire wa manyan magunguna, kuma kusan duk sauran sun ɗauke su kafin a sallame su. Kafson da ake saya biyu-uku a tebur ba takardar likita, a sha a daina da zarar jiki ya yi sauƙi, yana cikin abin da ke koya wa ƙwayoyin taurin kai.

Sai dai a faɗi gaskiya: kusan duk manyan magungunan kashe bakteriya ba daga itatuwa suka fito ba. Fenisilin, da Alexander Fleming ya gano a 1928, daga funfuna ya fito. Sitreftomaisin na 1943 daga wata ƙwayar cikin ƙasa aka samo shi. Inda tsiro ya yi babban abin a zo a gani shi ne zazzaɓin cizon sauro, kuma labarinsa darasi ne. Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta sun tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000, suka gwada ɗaruruwa a jikin ɓeraye, yawancinsu suka faɗi. Da suka samu wanda ya yi aiki a 1971, sai suka gwada shi a dabbobi, ta fara sha da kanta don a ga ko yana da illa, sannan aka ba marasa lafiya, daga baya suka ware sinadarin atemisinin daga cikinsa. An yi kusan shekara 30 kafin hukumar lafiya ta duniya OMS ta ba ƙasashe shawarar amfani da haɗe-haɗensa. Lambar Nobel ta zo a 2015. Wato ilimin kakanni ya nuna hanya, amma awo ne ya kai maganin gidan kowa.

Ba sai an je Sin ba. A Bamako akwai sashen gwamnati na maganin gargajiya da ya daɗe yana fitar da abin da ake kira ingantattun magungunan gargajiya, masu awo da takardar bayani, waɗanda suka shiga jerin muhimman magungunan ƙasar Mali. Cikinsu akwai na atuni da aka yi da nonon kurciya, da na narkar da abinci da aka yi da geza. Burkina Faso tana da FACA na masu ciwon amosanin jini, wanda tumfafiya ke cikin haɗinsa. Duk itatuwan nan suna nan a bayan gari a Nijar. Tun 1980 aka wallafa kundin itatuwan magani na ƙasar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Adjanohoun. Akwai jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da André Salifou a Damagaram, da Djibo Hamani a Tawa. Akwai cibiyar CERMES da ɗakin bincike na ƙasa LANSPEX. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kuɗi da tsarin da zai ɗauki sakamako daga kundin ɗalibi ya kai shi mataki na gaba, maimakon kowace shekara a sake jiƙa sabara a sake auna da'ira.

Aikin da ke gaban hukumomi a bayyane yake. Ofishin ministan kiwon lafiya da na ilimi mai zurfi su zaɓi itatuwa ƴan kaɗan da suka fi nuna alama, a zuba musu kuɗin gwajin guba da na dabbobi, sannan gwaji a jikin mutane ƙarƙashin kwamitin ɗa'a, a fara da abin da ya fi kusa da yiwuwa, kamar wankin ciwo da cututtukan baki da na fata. Jami'o'i su rubuta ƙarara a kan kowace takardar sakamako cewa ba izinin sayarwa ba ce, su kuma bi sawun mai yawo da hatiminsu a kasuwa. Hukumar da ke rajistar magunguna da mai sa ido kan kafofin watsa labarai su hana tallar da ke cewa ana warkar da taifot ko sanƙarau da jiƙo, a rediyo ne ko a intanet. Masu maganin gargajiya na gaskiya su ma suna da riba a nan, domin ƴan damfara ne ke zubar musu da mutunci. Amma ba za su buɗe sirrinsu ba sai da yarjejeniya a rubuce da ta ba su kasonsu idan magani ya shiga kasuwa, kamar yadda yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda Nijar ta amince da ita, ta tanada.

Kafin hukuma ta motsa, nauyin yana kan matasan da ke riƙe da waya, su ne ake turo wa bidiyon, su ne kuma ke turo kuɗin magani daga Kumasi ko Tamanrasat ko Faransa. Duk wanda aka ce masa an gwada magani a labo, yana da damar ya yi tambaya uku: a faranti aka gwada ko a jikin mutane, nawa ake sha kuma wa ya auna, sannan ina lambar rajistarsa. Idan amsa ta gagara, kuma zazzaɓin tsohuwa ko na yaro ya kai kwana biyu bai sauka ba, kuɗin nan na kabu-kabu ne zuwa asibiti da na awon jini.