Kafin jirgin alhazai ya tashi, a karanta kundin lafiyarsa

Manomin Ɗambatta ko Bichi ko Kunci da ya shekara biyar yana tara kuɗin gyaɗa da gero, ya haɗa da na shanun kiwo don ya biya kujerar Hajji, ba ya ganin abin da ke gudana a ƙarƙashin fiffiken jirgin da zai ɗauke shi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Yana shiga ne da bismillah, ya zauna inda aka nuna masa. Amma bayan ikon Allah, rayuwarsa ta rataya ne a kan wani littafi da bai taɓa gani ba, wato kundin da ake rubuta lafiyar jirgin.

Kowane jirgin fasinja yana da irin wannan kundi. Idan ya sauka, matuƙi zai rubuta duk matsalar da ya lura da ita a hanya. Injiniya mai lasisi zai duba, ya gyara, ya rubuta abin da ya yi, ya sa hannu. Akwai ƙananan matsaloli da doka ta yarda a jinkirta gyaransu, amma sai suna cikin jerin da hukuma ta amince da shi, kuma kowace tana da wa'adinta. Kafin a sake tashi, kyaftin zai karanta kundin, a zagaya jirgin a duba shi, sannan ya sa hannu cewa ya karɓa. Idan bai gamsu ba, yana da ikon cewa jirgin ba zai tashi ba. Duk wannan tsari ya dogara ne kan abu ɗaya: abin da aka rubuta ya zama gaskiya.

Arewa ta san kuɗin da ake biya idan aka yi wasa da wannan gaskiyar. A ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 mallakar kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda ke jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da alhazai 247 da ma'aikata 14. Babu wanda ya tsira daga cikin mutum 261 ɗin.

Bincike ya gano cewa kwanaki kafin hatsarin, makanikai sun auna tayoyin jirgin sun ga iskar biyu daga ciki ba ta kai ƙa'ida ba. Ba a gyara ba, kuma aka sauya alƙaluman da ke takardar duba jirgin don su nuna kamar komai lafiya. A safiyar tashin, babban makaniki ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayoyin jirgi, ba a same ta nan take ba, shi kuma jami'in kamfanin da ke kula da jigilar bai yarda a ƙara jinkiri ba. Taya mai ƙarancin iska tana jibga wa 'yar uwarta nauyi, kuma ba a cika gane ta da ido ba. Jirgin na gudu a kan titin tashi tayoyi suka fashe, wuta ta kama. Matuƙan suka naɗe ƙafafun jirgin zuwa cikinsa ba tare da sanin suna ci da wuta ba. Sun juyo don su sauka, amma jirgin ya faɗi dab da filin. Jinkirin da aka guje wa bai kai a kwatanta shi da rai ko ɗaya ba. Sauri ya haifi nawa.

Ba fasinja kaɗai abin ya shafa ba. Jiragen da ke tashi daga Kano suna bi ta kan unguwanni masu cunkoso da gonakin Ungoggo da ƙauyukan da ke kewaye. Mutanen Gwammaja ba su manta da 4 ga Mayu, 2002 ba, ranar da jirgin kamfanin EAS ya faɗa kan gidajensu jim kaɗan da tashinsa, mutum sama da 100 suka rasu, da yawansu ba su ma sayi tikiti ba. Ko a ranar 28 ga Janairu, 2025, wani jirgin Max Air da ya taso daga Legas ya samu matsalar ƙafar gaba yayin sauka a Kano. Allah Ya kiyaye, kowa ya fita lafiya, kuma kamfanin ya dakatar da zirga-zirgarsa ta cikin gida na wata uku don a bincika ayyukansa. Kowane hatsari da sanadinsa, amma a duk bincike, kundin jirgin na cikin abubuwan farko da ake buɗewa.

Saboda haka muna kira ga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, da kada ta jira sai an samu matsala kafin ta buɗe waɗannan kundaye. Jami'anta su riƙa kai samamen ba-zata a filin jirgi, su gwada abin da ke rubuce da abin da ke jikin jirgin, musamman jiragen haya da ake kawowa daga waje lokacin Hajji. Duk wanda aka kama ya sa hannu kan aikin da bai yi ba, a ƙwace lasisinsa, a kuma hukunta manajan da ya tilasta masa. Haka nan a kare matuƙi ko injiniyan da ya ce a'a, kada tsayawarsa kan gaskiya ta zama sanadin rasa aikinsa.

Ita ma hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da hukumar jin daɗin alhazai ta Jihar Kano, su tsara jigila yadda za a samu sarari idan jirgi ya buƙaci gyara. Jadawalin da babu hutu a cikinsa shi ke tura ma'aikata yin ha'inci. Idan kuma aka samu jinkiri, a fito a faɗa wa maniyyata dalili, a ba su abinci da wurin kwana mai kyau.

Mu ma fasinjoji muna da namu kason. Kwana a sansanin alhazai babu bayani abu ne mai ciwo, kuma neman haƙƙi ba laifi ba ne. Amma idan aka ce injiniya yana duba jirgi, hayaniya da kiran manya a waya don a matsa wa kamfani lamba ba su da amfani, domin irin wannan matsin ne ke sa a rufe ido a sa hannu. Yarda da ƙaddara ba ta hana ɗaukar mataki. Manomin da ba ya karɓar buhun taki sai ya duba bakinsa, ya fi kowa sanin dalilin da ya sa matuƙi zai ƙi karɓar jirgin da bai gamsu da kundinsa ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya.