Fargabar Fili Ba Ragwantaka Ba Ce

A wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 1994, Roberto Baggio na Italiya ya buga fenareti, ƙwallo ta haye saman raga, Brazil ta ɗauki kofi. Shi ne kuwa aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon duniya a 1993. Idan irin wannan gwani zai kuskure a gaban jama'a, me ya sa muke yi wa ɗan aji huɗu tsawa don ƙafarsa ta yi sanyi a bakin layin tsere?

Fargaba aikin jiki ce. Zuciya takan riƙa dukan uku-uku, numfashi ya gajarta, tsoka ta ɗaure. Mafi muni, abin da jiki ya saba yi ba tare da tunani ba, sai hankali ya koma yana sa masa ido taki bayan taki, har motsin ya rikice. Malamin da ya taɓa koyarwa sufeto na zaune a bayan aji ya san wannan hali, ko da ba zai faɗa a ɗakin malamai ba.

Kuskurenmu, 'yan uwa malamai, shi ne mun ɗauka yarda da kai halitta ce, wani yana da ita, wani babu. Ni ina ganin gina ta ake yi. Tobi Amusan ta zo ta huɗu a tseren tsallake shinge a Doha a 2019, ta sake zuwa ta huɗu a Olamfik na Tokyo. A 2022, a garin Eugene na Amurka, ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12, ta kuma karɓi zinare. Sau biyu lamba na kuɓuce mata da ƙyar, amma ba ta bar fili ba.

A makarantunmu kuwa, mako biyu kafin gasar wasanni ta shekara ake tattara yara, su yi atisaye babu ɗan kallo, sannan rana ɗaya a jefa su gaban iyaye da manyan baƙi da ganguna. Wanda ya faɗi a kira shi rago, shekara mai zuwa ya ɓuya a bayan aji.

Gyaran ba ya cin ko kwabo. A bar yara su yi gwaji a gaban sauran azuzuwa tun farkon zango, a koya musu jan dogon numfashi kafin a busa usur. Yaron da ya zo na ƙarshe kuma, malaminsa ya fara isa wurinsa kafin masu dariya.